"Ubangiji Ya Ce Mini": Muhawara Kan Biyayya da Zuciya Ɗaya

Titin da ya ratsa Shango, ya bi ta gaban Kwalejin Ilimi ta Jihar Neja ya gangara Chanchaga, shi ne yake kai matafiyi Paiko, daga can ya miƙe Lambata har Suleja. Kiristan Minna da ya san abin da ya sami ikilisiya a shekarun nan ba ya bin wannan titi da zuciya wayam. A Madalla, daf da Suleja, bam ya tashi a cocin Katolika na St. Theresa ranar Kirsimetin 2011, ya hallaka gomman mutane. Limamin cocin a lokacin, Fada Isaac Achi, yana cikin waɗanda suka tsira, kuma bai ajiye aikin ba. Shekara 11 bayan haka, kafin wayewar garin 15 ga Janairun 2023, 'yan bindiga suka banka wa gidansa wuta a Kafin Koro, cikin ƙaramar hukumar Paikoro, ya ƙone a ciki, mataimakinsa kuma ya tsira da raunin harsashi. Irin wannan labari shi ke ciro wata tsohuwar tambaya daga ajin nazarin Littafi Mai Tsarki ya kawo ta tsakar gida: mai bi zai dogara ga jagorar Allah da dukan zuciyarsa, ya yi biyayya duk inda ta nufa da shi, ko kuwa hikima ce ya riƙe wani yanki na hankalinsa a gefe saboda ranar da hanyar za ta nufi wuta? Wasu sun ce kira kira ne, wanda ya tsaya lissafi ya riga ya yi shakka. Wasu kuma suka ce ai tun dā Bahaushe ya san Allah ya ce tashi in taimake ka, kuma sun sha ganin mutane suna faɗawa rami da kalmar "Ubangiji ya ce mini" a bakinsu. Ni ina tare da na farko a kan cewa biyayya rabi da rabi ba ta da gurbi a bangaskiyar Kirista. Amma na biyun sun riƙe wata gaskiya da ba a cika son faɗinta a wa'azi ba: kafin mutum ya miƙa zuciyarsa duka, dole ya tabbatar muryar wa yake ji, ya kuma duba a kan wa nauyin biyayyar zai sauka.

Hujjar masu cewa a bi da zuciya ɗaya ba sai an je nesa nemanta ba, a ƙasar Neja take binne. A watan Disambar 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar kai bishara cikin yankin da Turawa ke kira Sudan a lokacin, wanda ya haɗa ƙasar Hausa da Nupe da maƙwabtansu. Babu wata babbar ƙungiyar mishan da ta ɗauki nauyinsu, babu ɗayansu da ya kai shekara 30, kuma tsofaffin 'yan mishan da suka tarar a Legas sun faɗa musu ƙarara cewa abin da suka sa gaba ba mai yiwuwa ba ne. Zazzaɓi ya kwantar da Bingham a bakin teku, sauran biyun suka nausa arewa. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma ya rasu a Bida. Bingham ya koma Kanada bai kafa komai ba, ya sake gwadawa a 1900, zazzaɓi ya sake korarsa. Sai a 1902 ayari na uku ya sami wurin zama a Patigi, bakin Kogin Kwara, aka buɗe Wushishi a 1904, sannan Paiko da Minna suka biyo baya. Daga wannan aiki, wanda ya zama ƙungiyar mishan ta SIM, ECWA ta fito a 1954, ikilisiyar da yau take da miliyoyin mambobi, da asibitoci da makarantu, da nata masu bishara da take aikawa ƙauyuka. Jami'ar da ke Karu sunan Bingham take ɗauke da shi, makarantar Miango kuma sunan Kent. Idan aka ɗora tafiyar 1893 a kan ma'aunin lissafi kaɗai, ganganci ce tsagwaronta, kuma kaburbura biyu sun shaida hakan cikin shekara guda. Amma duk wanda ya zauna a majami'ar ECWA a Minna ranar Lahadi, yana zaune ne a inuwar wannan gangancin.

Hujjar tana da wani ƙarfi da ya wuce na tarihi. Mutumin da ba ya yi wa Allah biyayya sai a inda umarnin ya dace da abin da shi ma ya riga ya ga ya kamata, kansa yake bi, ko da sunan Allah ne a bakinsa. Ibrahim ya bar Haran yana da shekara 75 ba a faɗa masa sunan ƙasar da za shi ba. Abokan Daniyel uku sun ƙi rusuna wa gunkin sarkin Babila, kuma abin lura a labarinsu shi ne ba su gindaya sharaɗin sai an cece su ba. Sun yarda Allah yana da ikon fitar da su, sun kuma shirya ƙonewa idan bai ga dama ba. Yesu kansa a Gatsemani ya roƙi a ɗauke masa wahalar da ke gabansa, sannan ya miƙa wuya ga nufin Uba, kuma a kan wannan miƙa wuya addinin gaba ɗaya ya tsaya. A nan ne ma nake rabuwa da wasu masu wa'azin zamani da ke tallar biyayya da alkawarin riba, su ce ka yi biyayya yau ka ga buɗi gobe, mota da ƙarin girma da biza. Kent bai ga ikilisiya ko ɗaya da idonsa ba a ƙasar da ya ba da ransa dominta. Fada Achi bai sami mutuwar kan gado ba. Idan ribar duniya ce ma'auni, to waɗannan mutane sun yi asara, kuma ba na jin akwai Kiristan da zai iya buɗe baki ya faɗi haka.

Sai dai ɗaya ɓangaren ma bai zo hannu rabbana ba. A watan Afrilun 2023, wata uku kacal bayan Kafin Koro, 'yan sandan Kenya suka fara tono gawawwaki a dajin Shakahola, kusa da Malindi. Adadin ya haura 400, yara da yawa a ciki, kuma an tuhumi shugaban cocinsu, Paul Mackenzie, da umartar mabiyansa su yi azumi har mutuwa domin su sadu da Yesu. A Kanungu ta Uganda, a watan Maris na 2000, ɗaruruwan mabiya wata ƙungiya suka ƙone a cikin majami'arsu bayan ranar tashin duniya da shugabanninsu suka sanar ta wuce duniya ba ta tashi ba. Da aka haɗa da gawawwakin da aka tono a wasu gidajen ƙungiyar, mamatan sun haura 700. A nan gida, a 1991, wani mai kiran kansa annabi ya shiga kejin zakuna a gidan namun daji na Jami'ar Ibadan don ya maimaita abin da ya faru da Daniyel, zakunan suka kashe shi. Waɗannan su ne manyan da jaridu suka buga. Ƙananan ba sa shiga jarida, amma kowane dattijon ikilisiya da kowace uwar zumuntar mata sun san irinsu: mai naƙudar da likita ya ce sai an yi mata aiki, aka ce a'a, an ga wahayi za ta haihu da kanta, mai hawan jinin da ya zubar da ƙwayoyinsa bayan addu'ar dare, saurayin da ya tare budurwa a ƙofar majami'a ya ce an nuna masa ita ce matarsa, ita kuma tsoron saɓa wa Allah ya ɗaure mata baki ta kasa cewa ba ta so, ma'aikacin da ya kwashi albashin wata guda ya kai "shuka iri" alhali kuɗin makarantar yara na jiransa.

Abin da ya ba wannan hujja nauyi shi ne ba a iya kawar da ita da cewa waɗancan mutane ba su da bangaskiya. Suna da ita. Uwar da ta hana ɗanta abinci a Shakahola ba munafuka ba ce, domin mai wasa da addini ba ya kai kansa kabari saboda shi. Zafin zuciyar da ya kai Kent Bida irinsa ne ya kai ta daji, kuma daga ciki mai shi ba ya iya bambance su: dukansu biyu suna jin tabbaci, dukansu an gargaɗe su sun ƙi ji, dukansu suna da ayar da za su kafa hujja da ita. Saboda haka mai suka yake cewa koyarwar da ake ciro wa daga sura ta 3 ta Karin Magana, cewa mai bi ya fifita Ubangiji a kan basirar kansa, tana ƙwace wa talaka makami guda da zai kare kansa da shi daga maƙaryaci. Gara, in ji shi, a bi Allah da mafi yawan zuciya, a ajiye ɗan saura na ko-ta-kwana, tunda tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fita ba.

Ya gano ciwon daidai, maganinsa ne ban yarda da shi ba. Mai sukar ya cuɗa abu biyu da Littafi Mai Tsarki ya raba, wato shakkar Allah da shakkar mai cewa Allah ne ya aiko shi, ko da kuwa mai cewar zuciyar mutum ce da kanta. Na farko an hana shi, na biyu kuwa umarni ne. Irmiya, wanda ya fi kowa yin kashedi a kan yaudarar zuciyar ɗan Adam, shi ne ya ƙaryata Hananiya, annabin da ya yi wa jama'a albishir ɗin da kunnensu ke son ji. Wasiƙar Yohanna ta fari ta umarci masu bi su gwada ruhohi kafin su gaskata. An yaba wa mutanen Biriya saboda sun riƙa auna wa'azin Bulus kansa da Nassi. Labarin da ya fi tayar da hankali a wannan fage yana cikin sura ta 13 ta littafin Sarakuna na fari, kuma ba kasafai ake wa'azi a kansa ba, dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Wani mutumin Allah daga Yahuza ya kai saƙo Betel, an umarce shi kada ya ci ko ya sha a garin. Sarki ya gayyace shi gida ya ƙi. Amma da wani tsohon annabi ya bi bayansa ya ce shi ma annabi ne, mala'ika ya ce masa ya komo da shi ya ci abinci, sai ya yarda. Ƙarya tsohon ya yi, kuma zaki ya kashe baƙon a hanya. Girmama manya kam ya girmama; laifinsa shi ne ya saki abin da ya tabbata daga Allah ne ya kama sabon wahayin da wani ya zo masa da shi. Don haka wanda ya tsaya ya binciki murya bai rage wa Allah komai daga zuciyarsa ba. Da aka tambayi Yesu dokar da ta fi girma, ya sa hankali cikin abubuwan da za a ƙaunaci Allah da su, daidai da zuciya da rai. Wanda ya kashe hankalinsa da sunan bangaskiya, shi ne ya kawo wa Allah baiko da giɓi.

Tarihin mishan ɗin da masu ra'ayi na farko ke tinƙaho da shi ma bai tsaya inda suke tsayar da shi ba. A ƙarshen ƙarni na 19 akwai masu bishara daga Amurka da suka zo Afirka ta Yamma da aƙidar cewa shan magani rashin bangaskiya ne, zazzaɓi ya ɗauke wasunsu a Saliyo ba da daɗewa da saukarsu ba. A 1897 Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar maleriya a cikin sauro, kuma SIM ba ta ce wannan ilimin duniya ne ba ruwanta da shi ba. Andrew Stirrett, mai shagunan magani a Toronto wanda ya bar su ya shigo aikin a 1902, wanda Hausawa suka laƙaba wa Bature Mai Magani, ya riƙa matsa wa 'yan mishan su sha kwinin su kula da jikinsu. Ya rayu a ƙasar nan har 1948, yana kuma cikin waɗanda suka yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. Bingham kansa, bayan zazzaɓi ya kore shi sau biyu, bai nace sai ya mutu a Legas don ya nuna bangaskiya ba. Ya zauna a Kanada yana tara mutane da kuɗi yana aikowa, daga baya ma ya rubuta littafi guda yana ƙalubalantar masu koyar da cewa mai bi na ƙwarai ba ya bukatar likita. Gardamar kwinin ba ƙarama ba ce a tarihin ikilisiyar Najeriya. Tana cikin manyan abubuwan da suka raba Apostolic Church wajen 1940, lokacin da su Joseph Ayo Babalola suka ga Turawan cocin na shan magani suka ware, abin da ya zama Christ Apostolic Church. Amma a nan ƙasar Gbagyi da Nupe, tashoshin Patigi da Wushishi da Paiko sun ɗore ne a hannun mutanen da suka amsa kira, suka kuma kwana cikin gidan sauro.

Mai neman doka guda da za ta ce masa "tsaya" ko "gudu" a kowane hali ba zai same ta a Nassi ba, kuma wannan rashin ma koyarwa ne. Ezra ya taso daga Babila zuwa Urushalima a shekara ta 7 ta mulkin Artashate, ɗauke da zinariya da azurfar Haikali, ya ji kunyar roƙon sarki sojojin rakiya saboda ya riga ya shaida masa cewa Allah yana kiyaye masu nemansa, sai ya sa aka yi azumi aka kama hanya. Shekara 13 bayan haka Nehemiya ya tafi gari ɗaya a zamanin sarki ɗaya, tare da mahayan dawakan da sarki ya haɗa shi da su, kuma da maƙiya suka yi barazana ga ginin garu, ya yi addu'a ya kuma kafa masu gadi dare da rana. Ba a zargi ɗayansu ba. An zurara Bulus cikin kwando ta garun Dimashƙu ya tsere, shi ɗin ne kuma ya doshi Urushalima daga baya bayan Agabus ya faɗa masa ɗauri na jiransa. Yusufu ya gudu Masar da jariri Yesu cikin dare, gudun kuma biyayya ce. Maƙwabtanmu Musulmi suna da hadisin ɗaure raƙumi kafin tawakkali, saboda haka ba mu kaɗai muka yi ta jujjuya wannan tambaya ba. Abin da wannan yake nufi ga ɗalibar da ta gama Kwalejin Ilimi a Shango aka tura ta koyarwa wani ƙauye a Shiroro ko Munya ko Rafi shi ne ba wanda ke da ikon ce mata tafiya ce kaɗai bangaskiya, ko ƙin tafiya ce kaɗai hikima. Manomin da ya baro gonarsa ya zo Minna da iyalinsa bai kasa wanda ya zauna ba.

To wa zai tantance? Amsar da ikilisiya ta daɗe tana bayarwa ita ce mai jin kiran ba ya zama alƙalin kansa shi kaɗai. A Antakiya ba Bulus ne ya tashi ya sanar cewa an kira shi ba. Jama'a suna cikin sujada da azumi aka ce a keɓe shi da Barnaba, su kuma suka ɗora musu hannu suka sallame su. Za a ce, to ai manyan Legas sun hana su Bingham, da sun saurare su fa? Wannan suka ce mai kyau, kuma ba na musun cewa dattawa kan yi kuskure, wani lokaci ma tsoro ne ko son kai ke magana da bakinsu. Amma a duba abin da aka yi saɓani a kansa. Ba wanda ya ce wa samarin nan kai bishara saɓon Allah ne. Cewa aka yi abin ba zai yiwu ba, su kuma suka yarda za su iya mutuwa, suka tafi. Abin da suka sa gaba umarni ne da ke rubuce a ƙarshen Bisharar Matiyu, kowa na iya buɗewa ya gani. Sun bari an gargaɗe su, ba su ɓoye shirinsu ba, ba su raba kowa da danginsa ba, ba su ce duk mai tambaya ɗan Shaiɗan ne ba. A Shakahola da Kanungu akasin haka aka yi: wahayin mutum ɗaya ko 'yan tsiraru, wanda ba mai iya dubawa, an janye mabiya daga gari zuwa keɓaɓɓen wuri, tambaya ta zama tawaye. Jagorar da ke tsoron a tambaye ta, ta riga ta faɗi daga ina ta fito.

Ma'auni na biyu shi ne wanda na fi ganin ana sakaci da shi: wa zai biya? Ranar 21 ga Nuwambar 2025 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai da malamai daga makarantar Katolika ta St. Mary's da ke Papiri, a ƙaramar hukumar Agwara; ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta ce sun haura 300. Gwamnatin jiha ta ce ta riga ta umarci makarantun kwana na yankin su rufe, Bishop Bulus Dauwa Yohanna na Kontagora kuma ya musanta cewa wata sanarwa ta iso gare su. Gwamna Umaru Bago ya rufe makarantun firamare da sakandare na jihar, har yaran Shango da ke nesa da Agwara suka zauna gida, kuma an sako rukunin ƙarshe na waɗanda aka sace gab da Kirsimeti. Laifin sata na ɓarayin ne, sannan na hukumomin da alhakin tsaro ke wuyansu. Abin da ya shafi muhawararmu shi ne yadda bishop ɗin ya kare makarantar. Bai ce an gargaɗe su sun zaɓi dogara ga Allah ba, cewa ya yi gargaɗin bai zo ba. Wato shi ma ya yarda cewa idan rayukan 'ya'yan mutane ne a hannunka, gargaɗi yana ɗaure ka. Fasto yana da ikon ya ce shi zai zauna da tumakinsa ko da ransa ne farashin. Ba shi da ikon yanke wannan hukunci a madadin yaro ɗan shekara 7, ko majiyyaci, ko matarsa da bai nemi shawararta ba.

Nan take za a jefo mini Ibrahim da Ishaku, tunda a can ɗa ne zai biya kuma ba a nemi yardarsa ba. Ba zan kauce wa wannan ba, shi ne wuri mafi tsauri ga ra'ayina. Amma littafin Farawa ya kira abin gwaji tun daga farkonsa, kuma Allah ne da kansa ya tsayar da wuƙar. Bayan haka Attaura ta haramta miƙa 'ya'ya hadaya haramci na har abada, annabawa kuma suka la'anci masu yi. Wanda ya cika wa'adin miƙa 'yarsa hadaya shi ne Yefta, labarinsa kuma da makoki ya ƙare. Duk wanda ya zo yau ya ce an umarce shi ya cutar da yaro, muryar da ya ji ta saɓa wa abin da aka riga aka rubuta, magana ta ƙare. Na kuma yarda cewa babu biyayyar da nauyinta ke tsayawa a kan mai ita shi kaɗai. Uwar Gowans ta rasa ɗa, matar mai bishara a ƙauye tana kwana da fargabar da mijinta ya zaɓa. Amma akwai tazara mai faɗi tsakanin wahalar da mugu ya jawo wa mai biyayya da wahalar da biyayyar kanta ta aikata. A Kafin Koro wasu ne suka kunna wutar. A Shakahola abin da aka kira biyayyar shi ne ya yi kisan.

Saura suka guda, kuma ta fito ne daga ɓangaren da na ce ina tare da shi: idan aka jera wa mutane gwaje-gwaje haka, matsoraci zai ɓuya a bayansu, ya shekara yana "neman nufin Allah" bai ɗaga ƙafa ba. Gaskiya ne, kuma a ganina wannan ciwo ya fi yawa a cikinmu fiye da ciwon Shakahola. Minna gari ne na ma'aikatan gwamnati da ɗalibai, kuma mafi yawan jagorar da Kiristan irin wannan gari ke bukata ba ta jiran mafarki, a rubuce take. Ba a bukatar azumin kwana uku kafin a san ko ya halatta a sa hannu a takardar albashin ma'aikacin bogi, ko a sayar wa ɗalibi maki, ko a ba da na goro don a soke canjin wurin aiki a tura marar galihu a madadinka. Lokacin da mutanen Shiroro da Munya suka cika makarantar firamare ta IBB a Minna a watan Afrilun 2021, ba wanda ya bukaci wahayi kafin ya san ciyar da baƙo umarni ne. Kwanaki kaɗan bayan kisan Fada Achi fusatattun matasa suka ƙona ofishin 'yan sanda na Kafin Koro, kuma kowa ya fahimci zafin da ya kai su, amma hanin ramuwa a sarari yake, ba ya bukatar tantancewa. Abin mamakin shi ne muna yawan yin biyayya nan take ga abin da ba a tabbatar ba, mafarki da annabci, sannan mu yi ta jan ƙafa a kan abin da ba shakka a cikinsa. Da an juya wannan tsari, da an rage kaburbura irin na Kanungu, an kuma rage ɓarna a ofisoshi.

Saboda haka hukuncina bai canja ba: a dogara ga Ubangiji da zuciya ɗaya, ba tare da ajiyar ko-ta-kwana ba, amma a san cewa wannan cikakkiyar amincewa haƙƙinsa ce shi kaɗai, ba ta fasto ko annabi ko mafarki ba. Roƙona ga fastoci da limamai da dattawan ikilisiyoyin Shango da Chanchaga da Tunga da Bosso shi ne su buɗe ƙofar tambaya su daina ɗaukarta raini. Wanda ya zo da kira, a zaunar da shi, a buɗe Nassi, a kira matarsa ko mijinta, a ba abin lokaci. Idan ya tsallake, a ɗora masa hannu a sallame shi ko da wurin da za shi yana da haɗari, ikilisiya kuma ta ɗauki nauyin iyalinsa, kada ta bar su da addu'a kawai. Idan kuwa kiran ya ƙunshi hana yaro abinci ko makaranta, ko hana majiyyaci asibiti, a tsawatar a fili, in ya ƙi ji a kai maganar gaban hukuma.